Littafin Addu'o'in Yarima Jean na Berry: Abin da ke Cikinsa, Masu Zanensa da Hannayen da ya Bi

A ɗakin karatu na fadar Chantilly da ke arewa da birnin Paris, akwai wani littafin addu'o'in Kirista da aka rubuta da hannu a kan fata, wanda aka yi wa rajista da lamba 65, duniya kuma ta san shi da sunan Très Riches Heures, wato littafin sa'o'i mai tsananin ƙawa a harshen Faransanci. Warƙoƙinsa 206 ne, tsawon kowace santimita 29, faɗinta 21, kuma yana ɗauke da manyan zane-zane 66 da ƙanana 65. Idan aka buga hotunansa a littattafan tarihi, yawanci akan rubuta a ƙarƙashinsu cewa 'yan'uwa uku 'yan gidan Limbourg ne suka zana su domin Yarima Jean, mai sarautar yankin Berry na Faransa, tsakanin 1411 da 1416. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ta gaza. Yariman bai taɓa riƙe littafin a kammale ba, masu zanen uku sun rasu aikin yana tsaka, kuma sai da aka yi kusan shekara saba'in kafin wani mai zane, a ƙarƙashin wani basarake daban, ya rufe shi. Saboda haka duk wanda ya tambayi abin da ke cikin littafin, ko wanda ya zana shi, dole ya tsinci kansa yana tambayar hannun wa da wa ya bi, domin tambayoyin uku a sarƙe suke.

Da farko ya kamata a san irin littafin da ake magana a kai. Ruhubanawan Turai suna da lokuta takwas na addu'a a kowace rana, tun daga tsakar dare har zuwa lokacin kwanciya, kuma littafin da suke bi yana da girma da wuyar sha'ani. Daga ƙarni na 13 sai attajirai da sarakuna, maza da mata, suka fara neman taƙaitaccen tsari da za su riƙa bi a gidajensu, aka kuma samar musu da abin da ake kira littafin sa'o'i. Irinsa ya yawaita ƙwarai, har ya zama babu wani nau'in rubutun hannu mai zayyana na wancan zamani da ya kai shi yawan kwafin da suka tsira zuwa yau. Tsarinsa sananne ne: kalandar bukukuwan waliyyai a gaba, sai nassoshi daga Linjila huɗu, sai addu'o'in Maryamu da aka rarraba bisa lokutan nan takwas waɗanda su ne zuciyar littafin, sai surori bakwai na Zabura na neman gafara, da jerin sunayen waliyyai da ake roƙo da su, da kuma addu'ar matattu. Na Chantilly yana da duk waɗannan cikin harshen Latin, an raba rubutun gida biyu, hagu da dama, a kowane shafi, sannan ya ƙara da addu'o'in kowace rana ta mako, da na shan wuyar Almasihu, da ibadun manyan bukukuwan shekara. A fannin nassi dai babu abin mamaki a cikinsa. Da rubutun ne kaɗai, da yau ƙwararru 'yan ƙalilan ne za su san da zamansa.

Yadda ake haɗa irin wannan littafi shi ne mabuɗin fahimtar tarihinsa. Ana jiƙa fatar ɗan maraƙi a ruwan farar ƙasa, a kankare gashi, a ɗaure ta a jikin katako ta bushe a miƙe, a yi ta karta har ta yi laushi da sirantaka. Kowane falle akan ninka shi biyu ya ba da warƙa biyu, a saka falle huɗu cikin juna su zama ƙunshi ɗaya mai warƙa takwas. Marubuci ne ke fara aiki, ya ja layuka, ya rubuta nassi, ya bar gurabe. Bayansa masu ƙawata manyan haruffa da gefen shafi su karɓa, sannan mai zanen hoto ya cike gurbinsa. Zinariya akan buga ta har ta yi falan-falan a manna a goge, ko a niƙa ta a shafa da buroshi. Launuka kuwa garin duwatsu da ƙarafa da tsirrai ne da ake kwaɓawa da ƙaro ko farin ƙwai, mafi tsadarsu shi ne shuɗin da ake samu daga dutsen lapis lazuli na tsaunukan Badakhshan a Afganistan ta yau, wanda ke ratso hanyoyin fatake ya iso Turai ta Venis. Ɗinki da bango su ne aikin ƙarshe. Kafin a kai gare su, littafi tarin ƙunshe-ƙunshe ne kawai, kamar yadda Alƙur'ani rubutun hannu yake zama warƙa-warƙa a cikin tadarishi, ana iya raba su ga ma'aikata da yawa a lokaci guda, a sauya musu jeri, a cusa sabon falle, ko a ajiye rabinsu babu zane har tsawon shekaru. Duk waɗannan sun faru da littafin Berry.

Mai littafin ɗan sarki ne, ƙanin sarki, kuma baffan sarki. An haife shi a Vincennes a 1340, ɗa na uku ga Sarki Jean na Biyu na Faransa, ya yi zaman garkuwa a Ingila bayan yarjejeniyar Brétigny ta 1360, ya ga mulkin wansa Charles na Biyar, sannan ya kasance cikin masu juya ƙasa a zamanin Charles na Shida wanda taɓin hankali ya riƙa kamawa. Ba a san shi da jarumta a fagen fama ba. An san shi da gina fadoji da tara kayan alatu: duwatsu masu daraja, lambobin zinariya, dardumai, dabbobin daji, da littattafai kimanin 300. Kuɗin wannan sha'awa daga jikin talakawa suka fito. A lokacin da yake wakiltar sarki a yankin Languedoc haraji ya yi tsanani har manoma suka yi tawayen da ake kira na Tuchins, a 1389 aka ƙone jami'in kuɗinsa Bétizac a Toulouse bayan koke-koken jama'a sun kai ga sarki, a 1411 kuma mutanen Paris suka wawashe gidansa na Nesle suka cinna wa fadarsa ta Bicêtre wuta a yaƙin basasar da aka yi tsakanin ɓangarori biyu na manyan Faransa, 'yan Armagnac da 'yan Burgundy. Yana da kyau mai kallon hotunan ya riƙe wannan a zuciyarsa.

Paul da Herman da Jean Limbourg 'yan garin Nijmegen ne a ƙasar Holan ta yanzu, kawunsu Jean Malouel kuwa shi ne mai zanen fadar Philippe na Burgundy, ƙanin Yarima Jean. Biyu daga cikinsu sun fara koyon ƙirar zinariya a Paris suna yara, annoba ta sa aka mayar da su gida, aka tsare su a Brussels a hanya, sai da Philippe ya biya fansarsu a 1400. Sun yi masa aiki har ya rasu a 1404, daga nan suka koma wurin Yarima Jean, suka kammala masa wani littafin sa'o'i da ake kira Belles Heures wanda yanzu yake New York. Kusancinsu da ubangidansu ya kai ga wasa: takardun fadarsa sun nuna cewa a bikin sabuwar shekara ta 1411 sun ba shi kyautar guntun katako da suka yi wa fenti da bango da maɗauri tamkar littafi, alhali babu ko warƙa ɗaya a ciki. Ma'ajin yarima ya shigar da shi cikin jerin kaya kamar kowace kadara.

Abin da ya fitar da sunan littafin shi ne kalandarsa. Kafin lokacin, ayyukan watanni akan zana su ne ƙanana a gefen shafi, mutum ɗaya yana shuka ko yana yanka. A nan kowane wata ya samu cikakken shafi, a samansa akwai rabin da'ira mai shuɗi inda keken rana ke ratsa buruji biyu na watan, a shafin da ke fuskantarsa kuma jerin ranaku da waliyyansu da tsawon yini da lambobin da ake lissafin tsayuwar wata da su domin sanin ranar Ista. Siffar mai tuƙa keken ranar an ɗauko ta ne daga wata lambar zinariya ta Sarki Hiraƙla na Rumawa da yariman ya mallaka, abin da ke nuna cewa masu zanen suna shiga taskarsa su kwaikwayi abin da ke ciki.

Shafin Janairu walima ce. Yarima yana zaune a dama cikin riga shuɗiya mai aikin zinariya da hular gashin dabba, ya ba murhu baya, kuma faifan saƙa da aka sa don tare zafin wuta ya zagaye kansa daidai yadda ake zana haske a kan waliyyai. A gefensa wani babban malamin coci ne, a bayansa mai sanda yana kiran baƙi, an ma rubuta kalmomin kiran da zinariya a saman kansa, yana cewa a matso, a matso. Kan teburin akwai gasassun nama da wani babban mazubin zinariya mai siffar jirgin ruwa, ƙananan karnuka biyu suna yawo tsakanin akusa babu mai korarsu. A bango an rataye darduma mai hoton mayaƙa suna gwabzawa, kuma wannan ne kaɗai yaƙin da ke cikin kalandar baki ɗaya, a shekarun da Faransa ke fama da yaƙin basasa, sojojin Ingila kuma suka karkashe manyan mayaƙanta a Agincourt a watan Oktoba na 1415.

Da an juya zuwa Fabrairu sai a faɗa wata duniya. Dusar ƙanƙara ta rufe gona, sararin sama ya yi toka-toka, tumaki sun cunkushe a garke, amya huɗu na zuma sun yi farin rawani, tsuntsaye na tsintar hatsi a tsakar gida. Wani yana saran itace, wani yana kora jaki da kaya zuwa ƙauye, wani kuma ya lulluɓe kansa yana hura hannu yana sauri zuwa ɗaki. An cire bangon gaba na bukkar domin mai kallo ya ga ciki, inda mutum uku ke jin ɗumi, biyu daga cikinsu sun ɗage tufafi har tsiraicinsu ya bayyana. Ana lissafa wannan shafi cikin hotunan hunturu na farko-farko a zanen Turai, kuma ya cancanci yabon da yake sha. Amma masanin tarihin zane Jonathan Alexander ya ja hankali a 1990 cewa talakan da ke cikin kalandar an nuna shi ne yadda fada take son ganinsa, ko dai yana duƙe yana aiki, ko kuma yana abin dariya. A ganina hujjarsa tana da ƙarfi, domin a watan Afrilu da Mayu da Agusta 'ya'yan sarauta ne ke musayar zobe da hawan dawaki da farauta da shaho cikin tufafi na alfarma, yayin da a Maris da Yuni da Yuli manoma ke huɗa da yankan ciyawa da girbin alkama da sausayar tumaki, kuma kusan kowane lokaci akwai wata fada a bayansu ta tokare sama. Lusignan ce a Maris, Dourdan a Afrilu, fadar sarki ta tsibirin Paris a Yuni, Poitiers a Yuli, Étampes a Agusta. Mafi yawansu na yariman ne ko na danginsa. Kalandar, a taƙaice, rangadin mallakarsa ce, an share mata yunwa da haraji da gobara.

Duk da haka masana tarihin gine-gine suna cin moriyarta sosai, saboda an zana fadojin da kula. Louvre da ke shafin Oktoba ita ce ta zamanin Charles na Biyar, wadda aka fara rushewa tun ƙarni na 16, sai harsashinta da aka tono a shekarun 1980. Fadar Mehun-sur-Yèvre, wadda yariman ya fi ƙauna, yau kango ce, amma tana nan cif a shafin da ke nuna Shaiɗan yana jarraba Almasihu, inda ginin ya cinye kusan dukkan shafin, aka tura ainihin labarin can ƙololuwar wani dutse. Ko a shafin ibada ma dukiyar mai littafi ba ta ɓuya ba.

Akwai wasu shafuka da aka zana a falle daban aka cusa daga baya, waɗanda tsarin farko bai tanadar musu gurbi ba. Ɗaya shi ne mutumin buruji, inda aka ɗora alamomin taurari goma sha biyu a kan gaɓoɓin jiki, rago a kai, kifaye a ƙafafu, bisa ilimin likitancin lokacin da ke duba matsayin wata kafin a yi wa mutum tsaga, kuma ba a saba ganin irinsa a littafin addu'a ba. Wani taswirar birnin Rum ce a cikin da'ira. Akwai kuma haɗuwar sarakunan gabas uku da rawunansu da damisoshin farauta, inda birnin da ke nesa a matsayin Ƙudus yake ɗauke da gine-ginen Paris, kuma ana danganta kamannin tufafinsu da ziyarar da Sarkin Rumawa Manuel na Biyu ya kai Paris daga 1400 zuwa 1402. Tasirin Italiya ma a fili yake, domin tsarin hoton kai jariri haikali ya bi wani zanen bango na Taddeo Gaddi da ke cocin Santa Croce a Florence.

A 1416 komai ya tsaya. 'Yan'uwan uku sun rasu a cikin shekarar, dukansu suna wajen shekara talatin, ana kyautata zaton annoba ce ta ɗauke su, yariman kuma ya bi su ran 15 ga Yuni yana da shekara 75, ya bar bashi mai nauyi. Masu lissafin gadonsa sun bi kaya ɗaya bayan ɗaya suna sa musu kuɗi, a cikin jerin kuma suka ambaci wani akwati mai ɗauke da ƙunshe-ƙunshe na wani littafin sa'o'i mai tsananin ƙawa da Paul da 'yan'uwansa suke yi, suka ƙiyasta shi livre 500 a kuɗin Faransa na lokacin. Daga wannan layi sunan littafin ya samo asali. Domin a gane matsayin kuɗin, Belles Heures da aka kammala an sa mata 875, wani babban littafin yariman mai bango da duwatsu masu daraja kuma 4,000. Wato tarin fatun da ba a ɗinke ba, waɗanda wata rana za su fi sauran suna, a idon masu rabon gado ba su ne kan gaba ba.

Daga nan takardu suka yi shiru na kusan shekara saba'in, sai hotunan da kansu suka zama shaida. A 1975 wani masani ɗan Italiya, Luciano Bellosi, ya lura cewa mutanen da ke yawo a bakin kogin Seine a shafin Oktoba suna sanye da tufafin da aka yi yayinsu a shekarun 1440, ba na 1416 ba, kuma a shafukan Maris da Oktoba da Disamba mutane da dabbobi suna da inuwa a ƙasa, abin da babu shi a shafukan da aka tabbatar na 'yan Limbourg ne. Dubi manomin Oktoba: fuskarsa a murtuke, safarsa a yage, sawunsa na bayyana a ƙasar da aka huɗa, tsuntsaye na bin bayansa suna cinye irin da ya watsa, ga mutum-mutumi mai siffar maharbi da baka a tsakiyar gona bai hana su komai ba. Wannan idon wani ne daban, wanda ya ga sabon salon zanen Flanders, yankin da ke arewacin Beljiyam ta yau. Masana da yawa suna ganin Barthélemy d'Eyck ne, mai zanen fadar René na Anjou, wanda 'yar'uwarsa Marie take auren Sarki Charles na Bakwai, abin da ke nuna cewa wataƙila littafin yana hannun gidan sarautar Faransa a lokacin. Wasu ba su yarda da sunan ba, suna kiransa mai zanen tsakiya kawai. Abin lura shi ne cewa manomin da ya fi kama da mai shan wahala a duk kalandar ba a zamanin yariman aka zana shi ba.

Haske ya dawo a wajen 1485, lokacin da littafin ya bayyana a hannun Charles na Ɗaya, mai mulkin Savoy, wanda jini ne na Yarima Jean ta wajen 'yarsa Bonne, mahaifiyarsa kuma 'yar Sarki Charles na Bakwai ce, don haka ta kowace fuska akwai hanyar da gadon zai iya bi ya iso gare shi. Shi ne ya ɗauki Jean Colombe na Bourges ya kammala aikin. Colombe ya zana shafin Nuwamba baki ɗaya, inda makiyayi ke jifan itace domin 'ya'yansa su zubo wa aladu, ya cike ƙasan shafin Satumba da masu tsinkar inabi a ƙarƙashin fadar Saumur, ya kuma yi hotuna masu yawa a sassan addu'ar matattu da bukukuwa. Hannunsa ba ya ɓuya: launukansa sun fi duhu, yana yawan ja wa tufafi layukan zinariya, fuskokin talakawansa sun fi kauri. An daɗe ana yi masa kallon wanda ya rage wa littafin daraja, ni kuwa ina ganin an matsa masa, tunda shi ne ya mayar da tarin fatu littafin da za a iya ɗinkewa, da kuma bai yi ba da wuya warƙoƙin su tsira a haɗe. Sabon mai littafi bai bar kansa a baya ba. An zana shi da matarsa Blanche ta Montferrat suna durƙushe a gefen hoton Almasihu, tambarin Savoy kuma ya shiga shafukan da a da na Berry kaɗai ke ciki. Irin waɗannan tambura su ne shaida mafi ƙarfi da masu bin tarihin littattafai ke dogara da ita.

Mataki na gaba wata mace ce. Margaret ta Ostiriya, 'yar Sarki Maximilian, ta auri Philibert na Savoy a 1501, ya rasu a 1504, ta koma ƙasarta da wasu littattafai daga taskar Savoy, ta zama mai riƙon mulkin yankin Holan da Beljiyam daga fadarta ta Mechelen har rasuwarta a 1530. Hujjar cewa littafin ya je can ba ta tsaya ga jerin kayanta ba. Masu zanen Flanders na farkon ƙarni na 16 sun kwaikwayi kalandar a wani babban littafin ibada da Kadinal Domenico Grimani ya saya a 1520, wanda yau yake ɗakin karatu na Marciana a Venis, kuma duk wanda ya jera Fabrairun littattafan biyu zai ga bukka ɗaya da garke ɗaya da amya iri ɗaya. Ba a iya irin wannan kwaikwayo sai da asalin a gaban mai zane.

Bangon da littafin yake ciki yanzu jar fata ce ta ƙarni na 18, ɗauke da tambarin gidan Spinola na birnin Genoa, daga baya aka ɗora na gidan Serra. Ana danganta zuwansa Italiya da Ambrogio Spinola, janar ɗan Genoa da ya jagoranci sojojin Sifen a yankin Holan a farkon ƙarni na 17, kuma abin da ke ƙarfafa zaton shi ne wani littafin sa'o'i na Flanders da ke gidan tarihi na Getty a Amurka mai irin wannan bango da tambari. Ta hanyar gado ya faɗa hannun wani basarake mai suna Felix de Margherita, wanda ya sa shi a kasuwa.

Wanda ya saya shi ne Yarima Henri na Orléans, mai sarautar Aumale, ɗan Sarki Louis-Philippe, wanda ya gaji Chantilly yana ɗan shekara takwas, juyin juya halin 1848 kuma ya kora shi gudun hijira Ingila inda ya duƙufa ga tara littattafai. Antonio Panizzi na ɗakin karatun Gidan Tarihin Birtaniya ne ya tsegunta masa, ya je ya duba littafin kusa da Genoa a Disambar 1855, ya biya faran 18,000 a farkon 1856. Wannan dai shi ne hafsan da ya afka wa sansanin Amir Abdulƙadir na Aljeriya a 1843, kuma wasu rubuce-rubucen Larabci da aka kwasa a yaƙin suna Chantilly har yanzu, a taska ɗaya da littafin Berry. Ɗakunan karatun Turai cike suke da irin wannan maƙwabtaka, wani littafi ya zo ta ciniki, wani ta ganima.

Yarima Henri ya gane daga tambura cewa littafin na Berry ne, amma bai san waɗanda suka zana shi ba. Léopold Delisle, shugaban ɗakin karatu na ƙasa a Paris, shi ne ya haɗa shi da layin nan na lissafin gadon 1416, ya sanar da yariman a 1881, ya buga bincikensa a 1884. Dalilinsa mai sauƙi ne: littafin da ke hannu na Berry ne, an bar shi ba a gama ba, wani ya kammala shi daga baya, kuma a duk jerin kayan mamacin littafin sa'o'i da aka bayyana a matsayin ƙunshe-ƙunshe marasa ɗinki na Paul da 'yan'uwansa shi ne ya dace da wannan siffa. Babu sa hannun 'yan Limbourg a ko'ina cikin shafukan. Sunansu ya rataya ne a kan wannan haɗi, wanda kusan dukkan masana suka karɓa.

Mai shi na ƙarshe ya ɗaure makomarsa fiye da duk waɗanda suka gabace shi. Ya bayar da Chantilly da abin da ke cikinta ga cibiyar Institut de France a 1886, bisa sharaɗin cewa ba za a fitar da kayan daga fadar ba ko da aro ne, kuma bayan rasuwarsa a 1897 aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi na Condé. Shi ya sa shaharar littafin ta bi ta hanyar ɗab'i, daga bugun Paul Durrieu na 1904, zuwa hotunan kalandar masu launi da mujallar Verve ta fitar a 1940 da mujallar Life a 1948, har zuwa cikakken kwafin da aka buga a Lucerne a 1984, lokacin da aka daina nuna asalin saboda haske da taɓawa suna cin launukansa. Mafi yawan waɗanda suka san shi shafuka goma sha biyu kawai suka sani daga cikin fiye da 400. A 2025, bayan an kwance ɗinkin sashen kalandar domin gyara, an baje warƙoƙinta ga jama'a a Chantilly daga Yuni zuwa Oktoba, kuma tunda wasiyya ta hana shi tafiya, sauran littattafan sa'o'in Yarima Jean ne aka ɗauko daga inda suke aka kawo su wurinsa, har da Belles Heures daga New York.